Solomon Linda: mai waƙar zakin da aka saya a kan sule goma

Duk wanda ya kalli The Lion King zai tuna wajen da Timon da Pumbaa ke tafe cikin daji suna rera waƙar nan ta zaki mai barci. Da yawanmu mun ɗauka Turawan Disney ne suka ƙirƙiro ta. To ba su ba ne. Asalinta na wani Bazulu ne ɗan Afirka ta Kudu mai suna Solomon Linda, kuma yau tarihinsa nake so mu bi, don ni dai ban san wani labari da ya fi nasa nuna abin da takarda ke yi wa waƙa ba.

An haifi Linda a 1909 a karkarar Msinga, kusa da garin Pomeroy a lardin Natal. Yankin makiyaya ne, ya kuma taso da waƙoƙin biki na Zulu a kunnensa, ga na coci da ake rerawa a makarantar mishan. A 1931 ya bi sahun samarin ƙauye zuwa ci-rani a Johannesburg. Ya yi aiki a shagon kayan katako, ya yi a otal ɗin Carlton, da dare kuma sai waƙa da abokansa a ƙungiyar da suka kira Evening Birds. 'Yan gayu ne na ƙarshe: kwat mai ratsi-ratsi, hular malafa irin ta Turawa, takalmi mai launi biyu. Shi Linda dogo ne sosai, amma muryarsa siririya ce, tana tashi sama can yayin da sauran ke riƙe da ƙasa da manyan muryoyi.

A 1939 suka shiga situdiyon kamfanin Gallo suka ɗauki waƙar Mbube, wato zaki da harshen Zulu. Masu tarihin waƙar sun ce a ɗauka ta uku ne, dab da ƙarshe, Linda ya saki wani karin murya da ya zo masa nan take. Wannan ɗan guntun karin ne duniya ke rerawa har gobe. Faifan garmahon ya yi kasuwa ba kaɗan ba, kafin 1950 an sayar da kwafi kusan 100,000, har sunan waƙar ya koma sunan salon gaba ɗaya. Daga wannan salo ne irin waƙar su Ladysmith Black Mambazo ta samo tushe.

Me Linda ya samu? Sule goma. Rabin fam ke nan. A kan wannan kuɗi ya sallama wa Gallo haƙƙin waƙar, aka kuma ba shi aiki a kamfanin yana shara da shirya fayafayai cikin kwali. Ku duba fa, mutum yana ɗaure faifan da muryarsa ke ciki, a kan albashin lebura. Zamanin wariyar launin fata ne, baƙin mawaƙi ba a lissafa shi cikin masu kaso.

Daga nan faifan ya tsallaka teku. Alan Lomax, mai tattara waƙoƙin gargajiya a Amurka, ya kai wa abokinsa Pete Seeger. Seeger bai ji Zulu ba, sai ya rubuta abin da kunnensa ya jiyo masa, waƙar ta fito da sunan Wimoweh, ƙungiyarsa The Weavers ta yi tashe da ita a 1952. A nan ne aka yi aika-aikar da ta fi ba ni haushi. Kamfanin da ke kula da waƙoƙinsu ya yi mata rajista da sunan wani Paul Campbell. Babu wani Paul Campbell a duniyar nan, sunan bogi ne da ake liƙa wa waƙoƙin da aka ce na gargajiya ne, marasa mai su, don kuɗin su shigo gida. Seeger dai da ya gane akwai mai waƙar, ya nemi a riƙa aika masa da kasonsa, aka kuma tura wa Linda cak na dala 1,000. Sai dai sunan da ke kan takarda bai canja ba.

A 1961 George David Weiss da Hugo Peretti da Luigi Creatore suka sa mata baitocin Turanci, suka kira ta The Lion Sleeps Tonight, The Tokens suka rera, ta hau lamba ɗaya a Amurka. Sabuwar rajista, sababbin sunaye uku, babu na Linda.

Bari in ɗan ratse, don na san akwai masu zuwa situdiyo a Kano da Kaduna da Jos cikin masu karanta mu. A dokar Najeriya ta 2022, haƙƙin waƙa naka ne tun ranar da ka rubuta ta ko ka ɗauke ta, ko ba ka yi rajista ba. Amfanin rajista a Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wadda ana iya yi ta intanet, shi ne hujja: suna da kwanan wata a rubuce, ranar da rigima ta tashi. Amma rajista ba ta ceton wanda ya sa hannu ya sayar gaba ɗaya. Wanda furodusa ya miƙa wa kuɗi da takarda bayan an gama ɗauka, ya karanta ya ga ko aron waƙar ya bayar don fim ɗaya, ko kuwa ita kanta ya sayar har abada.

Shi Linda ciwon ƙoda ya kama shi, ya yanke jiki ya faɗi a dandali a 1959. Ya rasu a 1962, shekara guda bayan waƙarsa ta mamaye Amurka, da kuɗin da ba su wuce dala 25 ba a banki. Sai da aka yi shekara 18 kafin iyalinsa su iya sa dutse a kabarinsa. Matarsa da 'ya'yansa mata suka ci gaba da zama cikin talauci a Soweto, 'yan kuɗin da ke ɗigowa daga Amurka ba su taka kara sun karya ba.

Disney ta sa waƙar a fim a 1994. A 2000 wani ɗan jaridar Afirka ta Kudu, Rian Malan, ya tono labarin a mujallar Rolling Stone, ya ƙiyasta cewa waƙar ta tara wa masu riƙe da ita kusan dala miliyan 15. Daga nan lauya Owen Dean ya shiga maganar, ya kuma zaƙulo wata tsohuwar dokar Ingila ta 1911 wadda ke aiki a Afirka ta Kudu lokacin da Linda ya sa hannu. Dokar ta tanadi cewa duk haƙƙin da marubuci ya sayar, yana komawa hannun magadansa shekara 25 bayan rasuwarsa. Wato tun 1987 waƙar ta koma gida, ba wanda ya sani.

A 2004 aka maka Disney a kotu a Pretoria, ana neman rand miliyan 10. Da yake kamfanin yana Amurka, sai lauyoyin suka sa kotu ta riƙe tamburansa da ke da rajista a Afirka ta Kudu, har da na Mickey Mouse. Wannan dabara ta burge ni, wallahi. A Fabrairun 2006 kamfanin Abilene Music, wanda ya ba Disney izinin waƙar, ya yi sulhu da iyalin. Ba a bayyana adadin kuɗin ba, amma an amince a biya na baya, a riƙa ba su kaso, a kuma rubuta sunan Solomon Linda cikin waɗanda suka tsara waƙar.

Yarjejeniyar tana da wa'adi, ta ƙare a ƙarshen 2017. A 2019 Disney ta fitar da sabon The Lion King, da waƙar a ciki.