Marigayi Alhaji Alhassan Ɗantata, Uban Fatake

An haifi Alhassan a Bebeji ta ƙasar Kano cikin shekarar 1877, a zuriyar Agalawa fatake. Tun yana ƙarami mahaifinsa Abdullahi ya rasu, wata tsohuwa mai suna Tata ta rene shi. Daga nan ne laƙabin Ɗantata ya samo asali.

Da fataucin goron Gwanja ya fara. Yayin da sauran fatake ke shafe watanni bisa hanya da ayarin jakuna, shi sai ya riƙa ɗora kayansa a jirgin ruwa zuwa Ikko. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya bunƙasa, kuma a 1918 kamfanin Niger Company ya ɗauke shi ya riƙa saya masa gyaɗa. Yakan ba yaransa jari su shiga ƙauyuka su saya a hannun manoma, amana ce jinginarsu.

Da aka buɗe banki a Kano a 1929, raƙuma 20 ne suka kai kuɗinsa na azurfa ajiya. Ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta, 1955. Allah Ya jiƙansa, amin.