Helen Taussig, Likitar Da Ke Jin Zuciya Da Yatsunta

Yau ga labarin wata likita Ba'amurkiya, Helen Taussig, wadda aka haifa a 1898. Tana da shekara 11 tarin fuka ya ɗauke mahaifiyarta, ga shi kuma haruffa sukan rikice mata in ta zo karatu. Ku 'yammatan makaranta ku lura. Jami'ar Harvard ba ta ba mata digirin likita a zamanin, sai ta nufi Johns Hopkins a Baltimore, ta gama a 1927.

A 1930 aka damƙa mata sashen yara masu ciwon zuciya. Da jinta ya ragu, sai ta koyi gane bugun zuciya ta wurin ɗora yatsu a ƙirjin yaro.

Waɗanda suka fi damunta su ne yaran da aka haifa da nakasa a zuciya, jini ba ya isa huhu yadda ya kamata. Leɓɓansu da faratansu su yi shuɗi, 'yar tafiya kaɗan sai ki ga sun tsuguna suna haki. Yawancinsu ba sa kai girma. Ita ta kawo shawarar a buɗe wa jinin wata hanya zuwa huhu. Likitan fiɗa Alfred Blalock da mataimakinsa baƙar fata Vivien Thomas suka gwada a jikin karnuka, aka fara yi wa jaririya ran 29 ga Nuwamba 1944.

To, amma aikin sauƙi ya kawo, bai mai da zuciyar sabuwa ba, kuma Helen ta san haka. Ko bayan ta yi ritaya a 1963 ba ta daina bin sawun yaranta ba: wa ke raye, wa ke bukatar a sake masa aiki. Ta buga sakamakon a shekarun 1970. A ganina nan ne babban aikinta.

Yau a ƙasashe masu asibitoci masu kyau, kusan 9 cikin 10 na irin waɗannan jarirai suna girma, amma da zuwa wurin likitan zuciya muddin rai. In an taɓa yi wa 'yarki irin wannan aiki tana ƙarama, ki kai ta a duba ta kafin ta ɗauki ciki, don juna biyu na ƙara wa zuciya nauyi.

Helen ba ta taɓa aure ba. Ta rasu a haɗarin mota a jihar Pennsylvania a watan Mayu 1986, saura kwanaki kaɗan ta cika shekara 88.