Bishop Samuel Ajayi Crowther: Jarumin da Bai Zare Takobi Ba

A labaran mutanen dā, jarumi yakan samu sunansa ne a rana guda. Bayajidda ya sare macijiyar rijiyar Kusugu cikin dare ɗaya, gari ya waye Daura duka ta san shi. Dawuda ma da dutse guda ya kā da Goliyat, mata suka fito da waƙa. Rayuwar Bishop Samuel Ajayi Crowther ba ta da irin wannan rana. Abin da ya jimre ya ɗauki shekara saba'in, mafi ɗacinsa kuwa sai da tsufa ya zo.

An haifi Ajayi wajen 1809 a Osogun, ƙasar Yarabawa. A 1821 mahara suka ƙone garin, suka kama shi tare da mahaifiyarsa da ƙannensa, daga baya aka raba su. An yi ta sayar da yaron daga hannu zuwa hannu, har aka taɓa musanya shi da doki. A 1822 aka sa shi cikin jirgin bayi na Fotugis a Ikko, amma sojojin ruwan Ingila suka tare jirgin, suka sauke bayin a Saliyo. Can ya koyi karatu, aka yi masa baftisma a watan Disamba 1825, ya kuma shiga sahun ɗaliban farko na kwalejin Fourah Bay a 1827.

Wanda ya tsira daga bauta, da ya zauna a Saliyo har mutuwarsa ba mai ganin laifinsa. Shi kuwa ya komo. A 1841 ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara tare da Rabaran Schön, wanda daga baya ya yi babban aiki a kan harshen Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawan ayarin fiye da arba'in. An keɓe Crowther limami a 1843, kuma a Abeokuta, cikin 1846, ya sake ganin mahaifiyarsa bayan rabuwar shekara ashirin da biyar. Ta karɓi baftisma da sunan Hannatu.

A 1857 ya buɗe aikin bishara a Onica. A wannan shekara jirginsu ya farfashe kan duwatsu kusa da Jaba, suka daɗe a bakin kogi suna jiran ɗauki, shi kuwa ya mai da hankali ga koyon Nufanci. Ranar 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabari, baƙar fata na farko da Ekklisiyar Angilikan ta ba wannan matsayi. Rigar bishop ba ta kāre shi ba: a 1867 wani basarake kusa da Idah ya tsare shi da ɗansa Dandeson yana neman fansa, Baturen da ya zo cetonsu kuma kibiya ta kashe shi.

Da sarakunan Musulmi ya yi zaman mutunci. Yakan shiga fadar Etsu Masaba a Bida da ladabi, ya amsa tambayoyi daga cikin Littafi Mai Tsarki, ba zagi ba gardamar cin fuska. Amincewar ta kai har wani Etsu na baya, Maliki, ya rubuto masa takarda yana roƙo ya sa baki a hana shigo da barasa ƙasar Nufe. Cikin dukan wannan zirga-zirga bai ajiye alƙalami ba, har Littafi Mai Tsarki na Yarabanci ya kammala a 1884.

Sa'an nan gwaji mafi tsanani ya zo, daga cikin gida. A ƙarshen shekarun 1880 wasu samarin 'yan mishan suka iso daga Ingila da zafin kai, suna ganin ma'aikatan Afirka ba su isa su riƙe Ekklisiya ba. Gaskiya ne akwai masu laifi cikin ma'aikatan, kuma dattijon yana da sanyin hannu wajen horo. Amma yadda aka bi da al'amarin ya wuce gyara, ya zama wulaƙanci. A taron Onica na watan Agusta 1890, samarin da ba su kai 'ya'yansa shekaru ba suka dakatar da limaman da shi ya keɓe, har da Dandeson, a kan idonsa. Yana da shekara tamanin da wani abu.

Yana da magoya baya a Ikko da Saliyo, kuma da ya kira su su ɓalle, da yawa za su bi shi. Bai kira su ba. Bai kuwa sunkuyar da kai ya yi shiru ba: ya ajiye kujerarsa a kwamitin, ya goyi bayan ikilisiyoyin yankin Delta su riƙe kansu da kuɗinsu, amma cikin zumuntar Ekklisiya. Shanyewar jiki ta same shi a 1891, ya rasu a Ikko ranar 31 ga Disamba na shekarar. Wanda aka naɗa a gurbinsa Bature ne.

A watan Yuni 2014, shekara 150 bayan naɗinsa, Babban Bishop Justin Welby ya tsaya a majami'ar Kantabari inda aka ɗibiya masa hannu, ya bayyana tuban Ekklisiyar Ingila saboda abin da aka yi masa.