Martel: Lauyan da ya bar kotu ya shiga kogo

A wajenmu Kafinsoli, kai har Kankiya da Kusada, in an ce kogo, ɗan lungu ne tsakanin manyan duwatsu inda jemagu ke fakewa. Duwatsunmu masu tauri ne, ruwa ba ya cin su da sauƙi. Amma akwai wani farin dutse, irin wanda ake haƙa a Kalambaina ta Sakkwato ana yin siminti, shi kam ruwa narkar da shi yake yi, har a sami kogi sukutum yana gudu a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya buɗe wa duniya ido kan irin waɗannan koguna wani Bafaranshe ne, Edouard Martel.

An haife shi a 1859 a Pontoise, kusa da Faris. Gidansu gidan lauyoyi ne, shi ma lauya ya karanta, ya kama aiki a kotun kasuwanci. Amma da an yi hutu sai ya nufi kudancin Faransa, inda farin dutsen yake. A 1888 shi da abokansa suka bi wani rafi da ke shigewa cikin dutse a Bramabiau, har suka ɓulla ta wancan gefen. A 1889 ya sauka ramin Padirac, zurfin mita 75, da tsanin igiya da kyandir, ramin da ƙauyawan wurin ke cewa ƙofar Shaiɗan ce. Can ƙasa ya tarar da kogi, ya dawo da ƙaramin kwalekwalen tamfol ya bi shi.

To, yaya dutse ke zama kogo? Ruwan sama yana ɗaukar iskar kabon daga sarari da kuma cikin ƙasa, sai ya ɗan yi tsami. In ya sami tsaga a farin dutse ya ratsa, yana narkar da shi kaɗan-kaɗan, shekaru dubbai, har tsagar ta zama hanya. Inda ruwan ya bi tsaye, sai a sami rami kamar rijiya. Inda ya bi kwance, sai dogon zaure mai kogi. In kogin ya sake hanya ya nutsa ƙasa, zauren sama ya bushe, ɗigon ruwa ya riƙa barin dutsen da ya narkar, yana tsirowa daga rufi kamar tsinke, wani daga ƙasa, wani lokaci su haɗu su zama ginshiƙi. Martel ya shiga koguna wajen 1,500 yana awo yana zana taswira. A 1894 ya fitar da littafinsa Les Abîmes, a 1895 ya kafa ƙungiyar masu nazarin kogo, ya kuma zama na farko da ya kai gindin ramin Gaping Gill a Ingila. A 1899 ya ajiye aikin lauya gaba ɗaya.

Ni dai a ganina ba wannan jarumtar ce babban aikinsa ba. A 1891 ya shiga wani rami ya ga mushen maraƙi yana ruɓewa. Da ya fito, ƙishi ya sa ya sha daga wani marmaro da ke kusa, ruwa garau. Ashe ta ƙarƙashin mushen ya biyo! Ya kwanta jinya mai tsanani. Nan ya gane abin da manoman yankin ba su sani ba: yashi yana tace ruwa, amma farin dutse ba ya tacewa, bututu ne kawai. Wanda ya jefa mushe a rami a wannan ƙauye, mutanen wancan ƙauyen ya shayar.

Sai lauyan da ke cikinsa ya farka. Ya shekara goma yana rubuce-rubuce yana damun hukuma. A 1901 gobara ta tashi a wata masana'antar giya a Pontarlier, giyar ta malale cikin kogin Doubs, bayan kwana biyu aka ji ƙamshinta a idon wani kogin daban, Loue. Hujja ta fito fili ke nan. A Fabrairun 1902 Faransa ta yi dokar lafiya da ta haramta zuba mushe da ƙazanta a ramuka, har yau wasu na kiran ta dokar Martel.

'Yan uwa ɗalibai, musamman masu karatun gine-gine da tsaftar muhalli, ba sai muna da farin dutse wannan ya shafe mu ba. Gida nawa ne a unguwanninmu aka haƙa masai taku kaɗan daga rijiya? Kududdufi nawa ne ya zama juji? Damina na kankama sai ka ji amai da gudawa ta ɓarke, alhali ruwan rijiyar garau yake a ido, kamar na marmaron nan.

Martel ya rasu a 1938 kusa da Montbrison, yana da shekara 78. Ramin Padirac kuwa yanzu da lif ake sauka cikinsa, dubban ɗaruruwan baƙi na shiga kwalekwale a kogin kowace shekara.