Alfred Stieglitz: Ya Tsaya Awa Uku Cikin Dusar Ƙanƙara Saboda Hoto Ɗaya

Yau in kana son hoto, sai ka zaro waya, ka danna sau ashirin, ka goge sha tara. To, ga labarin wanda ya jira awa uku kafin ya danna.

An haifi Alfred Stieglitz ranar 1 ga Janairu, 1864, a garin Hoboken na Amurka. A 1881 iyayensa suka tafi da shi Jamus, ya fara karatun injiniya a Berlin, amma kyamara ta sace masa zuciya. Ya koma New York a 1890.

A zamanin, mutane da yawa ba su ɗauki hoto a matsayin fasaha ba, wai aikin inji ne kawai. Ƙaramar kyamarar hannu kuwa, ƙwararru kallon abin wasa suke yi mata.

Ita ya ɗauka ranar 22 ga Fabrairu, 1893, ya fita titin Fifth Avenue ana tsananin zubar dusar ƙanƙara. Kamar yadda ya ba da labari, awa uku ya yi a tsaye, sai ga wani mai keken doki yana kutsawa cikin iska. Abokansa suka ce hoton ya yi dishi-dishi, ya jefar kawai. Ya ƙi.

A watan ne ya ɗauki wani mai suna The Terminal: direban taragon da dawakai ke ja yana shayar da dabbobinsa, tururi na tashi daga jikinsu. Ka duba shi da kyau. Babu launin da zai janye maka ido. Farin ƙanƙara ne, da baƙar rigar sanyi, da mutumin da dole ya fito neman abinci ko da gari ya daskare. Bai ma juyo ya kalli kyamara ba, aikinsa yake yi.

Daga baya Stieglitz ya kafa mujallar Camera Work a 1903, ya buɗe zauren nune-nune na 291 a 1905. Kafin ya mutu ranar 13 ga Yuli, 1946, manyan gidajen tarihi sun fara ajiye hotunansa.

Kyamarar wayarka ta fi tasa sauri nesa ba kusa ba. Haƙurin fa? In hunturu ya shigo, ka fita da asuba, ka nemi izinin mai shayin layinku, ka jira tururin ya tashi.