Rayuwar Dorugu, Ribataccen Yaƙin da Ya Ba da Tarihinsa da Baki

Gabatarwa

Duk wanda ya nazarci tarihin yaƙe-yaƙen ƙasar Hausa da Barno na ƙarni na 19 zai tarar cewa mafi yawan abin da aka rubuta labarin sarakuna ne da jarumawansu, watau wane ne ya hau, wane gari aka ci, ganima nawa aka kwaso. Su kuwa ribatattun yaƙi, waɗanda aka koro a gaban dawaki, ba safai akan ji muryarsu ba, sai dai a ambace su cikin lissafin ganima. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu dubi rayuwar ɗaya daga cikinsu, Dorugu, wanda Allah ya nufa ya faɗi abin da ya same shi da bakinsa, da Hausarsa, aka kuma rubuta.

Asalinsa da Kamunsa

An haifi Dorugu wajejen shekarar 1840 a Dambanas, wani ƙauye kusa da Kance a ƙasar Damagaram, cikin Jamhuriyar Nijar ta yau. Mahaifinsa manomi ne kuma makaɗi. A wancan zamani Damagaram tana bin Barno, hare-haren kamun bayi kuwa sun zama ruwan dare a ƙauyukan talakawa. Yana ɗan shekara goma sha ɗaya ko sha biyu mahara suka kama shi, aka raba shi da iyayensa, aka kai shi birnin Damagaram. Daga hannu zuwa hannu har ya tsinci kansa a Kukawa, fadar Shehun Barno Umar.

A nan ne ya haɗu da Turawan da gwamnatin Ingila ta aiko a 1850 don su binciki ƙasashen Sudan. Ɗaya daga cikinsu, Bajamushe Adolf Overweg, ya fanshe shi ya 'yanta shi, shi da wani yaro Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya rasu a gefen Tafkin Chadi a watan Satumba na 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasa suka sani da sunan Abdulkarim.

Tafiye-tafiyensa

A ƙarshen 1852 suka tashi daga Kukawa suka nufi yamma, suka ratsa Damagaram da Katsina da Wurno da Sakkwato da Gwandu, suka ƙetare Kwara a Sayi, suka isa Tambutu a watan Satumba na 1853. Bayan sun komo Barno suka keta Sahara zuwa Tarabulus, daga nan suka shiga jirgin ruwa, suka sauka Landan a 1855. Barth ya kai su har ƙasarsa Jamus.

Yadda Aka Ɗauki Labarinsa

A Ingila Dorugu ya zauna wurin James Frederick Schön, wani malamin mishan wanda tun zuwansa Kwara a 1841 yake ƙoƙarin koyon Hausa. Dorugu yakan ba da labari, Schön yana rubutawa, tun daga ƙuruciyarsa da kamunsa har zuwa abubuwan da ya gani a Turai, haɗe da tatsuniyoyi. Wannan aiki ya taimaka wa Schön wajen littafinsa na nahawun Hausa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, labarin kansa kuwa ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. A 1971 Anthony Kirk-Greene da Paul Newman suka fitar da fassararsa ta Ingilishi tare da sharhi.

Darajar wannan labari ita ce ya nuna mana yaƙi ta idon wanda aka kama: gudun ƙauyawa in an ji ƙarar mahara, rabuwa da dangi, doguwar tafiya cikin yunwa da tsoro, da yadda mutum yakan wayi gari yana da sabon ubangiji ba tare da an shawarce shi ba. Marubutan fada ba su damu da irin waɗannan abubuwa ba.

Sai dai wajibi ne mai nazari ya yi hattara. Da farko, Dorugu bai wuce shekara goma sha shida zuwa sha bakwai ba sa'ad da yake ba da labarin, kuma yana tuno abin da ya faru tun yana yaro ne, ba shi da lissafin shekaru a hannu. Na biyu, wanda yake rubutawa harshe yake nema, bai zauna don tambayar tarihi ba, don haka akwai wuraren da ɗan tarihi zai so a tsaya a yi tambaya amma aka wuce. Na uku, kunnen baƙo ne ya ji maganar, aka rubuta ta da ƙa'idar da ta sha bamban da tamu ta yau. Har ila yau, yaro ne da ke cin abincin gidan mai tambayarsa, ba mamaki ya taushe wani abin. Saboda haka ya kamata a riƙa gwada maganarsa da littafin tafiye-tafiyen Barth, tun da hanya ɗaya suka bi.

Ƙarshen Rayuwarsa

Dorugu ya komo Afirka a 1864, ya yi aikin tafinta wa Turawa. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar da boko a makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A can ya rasu a 1912.

Kammalawa

Dubban mutane ne aka kama a yaƙe-yaƙen wancan ƙarni, amma kaɗan ƙwarai ne maganarsu ta iso gare mu, su ma don an sami wanda ya zauna ya saurare su ya rubuta. Wannan kira ne gare mu ɗaliban Hausa. Tsofaffin sojojin da suka je Bama a yaƙin duniya na biyu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya. Waɗanda suka ga yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, har da waɗanda aka tsare a cikinsa, sun manyanta ƙwarai. Ya kamata mu riske su da na'urar ɗaukar magana, mu nemi izininsu, mu yi tambaya cikin ladabi, mu rubuta abin da suka faɗa yadda suka faɗe shi, tun suna raye.