ALHAJI ISA KAITA, WAZIRIN KATSINA: MALAMIN DA YA ZAMA MINISTAN ILIMI

A wannan mako Ƙungiyar 'Yan Jarida ta kawo muku tarihin wani mutum da kusan kullum muke jin sunansa amma ba mu san shi ba. Idan ka tambayi malamanmu inda suka yi karatun koyarwa, da yawansu za su ce maka Isa Kaita, wato Kwalejin Ilimi da ke Dutsin-Ma. Wasu daga cikinmu har sun ɗauka sunan unguwa ne. Ashe sunan mutum ne, kuma mutumin yana da hannu a irin karatun da muke yi yau a nan Sukuntuni.

HAIHUWARSA DA KARATUNSA

An haifi Alhaji Isa Kaita a birnin Katsina a shekarar 1912, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ɗan gidan sarauta ne, domin mahaifinsa Malam Haruna shi ne Wazirin Katsina. A wancan lokaci iyaye da yawa suna gudun makarantar boko, har akan ɓoye yara idan an zo ɗauka. Shi kuwa an sa shi, ya yi firamare a Katsina, daga nan ya shiga Kwalejin Katsina. Wannan kwaleji ita ce daga baya aka mayar Kaduna, sannan Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. A cikinta ne Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu a shekarun da shi ma yake ɗalibi. An kafa ta ne domin horar da malamai, saboda haka aikin da aka fara koya masa shi ne koyarwa.

AIKINSA NA FARKO

Da ya gama a 1932, sai ya kama koyarwa a makarantar Midil ta Katsina. Ya yi wajen shekara 9 yana riƙe da alli. Mu riƙe wannan a ranmu, domin za mu dawo kansa.

A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura shi Ankara, babban birnin ƙasar da yanzu ake kira Gana. A can ya yi aiki a gidan rediyo yana karanta labaran yaƙi da Hausa. Wannan ya faranta mana rai ƙwarai a ƙungiyarmu, don ashe shi ma ɗan jarida ne kamar yadda muke son zama. A 1944 ya dawo gida ya zama sakataren Sarkin Katsina da na En'e. Bayan shekara 4 ya tafi Ingila, ya karanta harkar mulki a garin Exeter.

ZAƁE DA SIYASA

Isa Kaita yana cikin waɗanda aka kafa jam'iyyar NPC da su, wato Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma ya riƙe mata sakataren kuɗi. A 1951 aka zaɓe shi ya shiga Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna.

Zaɓen wancan lokaci ba irin namu na yau ba ne. Hawa-hawa ake yi. Mutanen ƙauye su zaɓi wakilai, wakilan su je gunduma su sake zaɓe, a haka har a kai lardi, a can ne za a fitar da wanda zai tafi majalisa. Kuma maza kaɗai ke zaɓe. Matan Arewa ba su sami damar jefa ƙuri'a ba sai a 1976. Ke nan kakanninmu mata ba su da ta cewa a kan wanda zai tsara karatun 'ya'yansu.

Ba kowa ne ya goyi bayan jam'iyyarsa ba. 'Yan NEPU, ƙarƙashin Malam Aminu Kano, wanda shi ma tsohon malamin makaranta ne, suna ganin NPC ta fi karkata ga sarakuna, ba ta sauri wajen ɗaga talaka. Duk da haka Isa Kaita ya ci gaba da zama a majalisa. A 1954 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya aka ba shi ma'aikatar albarkatun ƙasa. A 1957 ya zama Ministan Ilimi na Jihar Arewa, kuma ya riƙe kujerar har zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966.

ABIN DA YA TARAR DA ABIN DA AKA YI

Lokacin da ya hau, an bar Arewa a baya nesa a karatun boko. Tun 1955 Jihar Yamma, ƙarƙashin Awolowo, ta fara ba da ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. Gwamnatin Arewa ba ta bi wannan hanya nan take ba. Dalilinta shi ne ƙarancin kuɗi da ƙarancin malamai. Sai ta fi ba da ƙarfi wajen horar da malamai da ƙara makarantu sannu a hankali, tare da ci gaba da shirin Yaƙi da Jahilci domin manya su iya karatu da rubutu.

Mun yi gardama a kan wannan a taron ƙungiyarmu. Wasu suka ce ai jinkirin ya cuci yara da yawa, sun girma ba su taɓa shiga aji ba. Wasu suka ce idan an tara yara babu mai koya musu, to an tara su ne kawai. Ba mu daidaita ba, domin kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da muka yarda da shi dukanmu shi ne, wanda ya yi shekara 9 yana koyarwa ya san cewa gini ba ya koyar da yaro, malami ne ke koyarwa.

Shekarar 1962 ita ce ta fi cika da aiki a zamaninsa. A cikinta aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, jami'a ta farko a Arewa, ranar 4 ga Oktoba. A cikinta aka buɗe babbar kwalejin horar da malamai a Zariya. A cikinta kuma aka yi dokar ilimi ta Jihar Arewa, wadda ta tanadi hukumomin ilimi na ƙasa-ƙasa, domin mutanen kowane yanki su sa ido a kan makarantunsu na firamare, ba sai an jira Kaduna a kan kowane abu ba. Wannan tunani bai mutu ba. Yau muna da ofishin ilimi na ƙaramar hukuma a Kankiya da kuma a Kusada, muna da kwamitin kula da makaranta wanda iyayenmu da dattawan gari ke ciki.

Ba muna cewa shi kaɗai ya yi duk waɗannan ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Akwai Firimiya Sardauna, akwai 'yan majalisa, akwai ma'aikata da malamai da ba a rubuta sunansu a ko'ina ba. Amma shi ne ke riƙe da ma'aikatar.

ƘARSHEN RAYUWARSA

Bayan juyin mulki ya zauna a Kaduna. A zamanin Shugaba Shehu Shagari ya shugabanci Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Yana kuma cikin dattawan da suka yi fafutukar a ba Katsina jiharta, kuma ya ga cikar burin da idonsa ranar 23 ga Satumba, 1987. Ya riƙe sarautar Madawakin Katsina, daga baya ya zama Waziri kamar mahaifinsa. Allah ya yi masa rasuwa a watan Nuwamba na 1994, yana da shekara 82. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.

ABIN DA YA SHAFE MU

Tun 2004 dokar Najeriya ta ce kowane yaro yana da haƙƙin karatu kyauta na shekara 9, daga aji ɗaya na firamare har ƙarshen ƙaramar sakandare. Amma kowannenmu ya san wani sa'ansa da ba ya zuwa makaranta. Wani yana kiwo, wata tana talla, wata an cire ta tun ba ta gama ba. Kuma a makarantun karkara da yawa har yanzu malami ɗaya ne ke fama da aji cike maƙil. Ke nan matsalar da Waziri ya tarar a 1957 ba ta ƙare ba, ta jira mu.

Yawancinmu shekararmu 13. Saura shekara 5 mu isa yin katin zaɓe, maza da mata, ba kamar zamanin kakanninmu ba. Idan ranar ta zo, masu neman kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa za su shigo garinmu da motoci da kiɗa. Muna roƙon 'yan uwanmu, kada mu tsaya a kan sabulu da taliya. Mu tambaye su malamai nawa za su kawo, kuma yaushe. Kafin nan, mu roƙi iyayenmu su riƙa halartar taron kwamitin makaranta idan an kira, domin kujerarsu ce.

Ga malamanmu kuwa, musamman waɗanda suka fito daga Dutsin-Ma, muna godiya. Yanzu mun san mai sunan da ke kan takardar shaidarku, kuma mun san da alli ya fara, kamar ku.

Mu haɗu a mako mai zuwa. Don Allah kada a yage takardar nan, a bari kowa ya karanta.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida, aji biyu na ƙaramar sakandare, Sukuntuni.